Waya Marar Alama a Teburin Caji

Ummukulsum ta shigo ofishin 'yan sanda na Gwarzo ba ta ko tsaya gaisuwa ba, kuma mutanen Kutama ba sa tsallake gaisuwa sai abu ya kai maƙura. Ta ajiye waya a gaban Insifekta Asiya kamar mai ajiye garwashi.

"Ranki ya daɗe, 'yata ce Lailatu, shekararta goma sha biyu. Ta daina cin abinci. Da wayar nan ta yi ƙara sai jikinta ya hau rawa."

Asiya ta bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Wata ce wai ita Anti Kamila, wai daga Kano. Ta fara da yabo, ta yi alkawarin sa yarinyar a makaranta mai kyau, ta ce kada Inna ta ji tukuna. Daga baya ta nemi hoto ba ɗankwali, Lailatu ta tura mata. Saƙon ƙarshe babu sauran zaƙin baki: in Lailatu ba ta zo tashar Kabo ita kaɗai ranar kasuwa ba, duk Kutama sai sun ga hoton.

Ran Asiya ya ɓaci ƙwarai, amma ta sassauta murya ta dubi yarinyar da ke laɓe bayan uwarta.

"Lailatu, ba ki yi laifin komai ba. Kin taɓa jin muryar Antin nan?"

"A'a. Kullum wai maƙogwaronta na ciwo."

Saje Muhsin, mataimakinta, ya riga ya yanke hukunci tun kafin a gama magana. "Mijinyawa ne, ranki ya daɗe. Ai mai hali ba ya fasa halinsa."

Mijinyawa mutumin Kutama ne da ya taɓa zaman gidan yari a kan yaudarar yara ta waya. Da aka sake shi, kotu ta gindaya masa sharuɗɗa: ya riƙa zuwa ofis duk mako yana sa hannu, kada ya riƙe babbar waya, kada ya bar gari sai da izini. Suka same shi yana sussukar gero a ƙofar gida.

"Ina ka je makon jiya?" in ji Asiya.

"Ko nan da can."

"An gan ka a Getso."

Ya sunkuyar da kai. "Jana'izar kawuna ce. Na ji tsoron a hana ni."

Suka caje ɗakinsa kaf, ba su sami komai ba sai 'yar ƙaramar waya mai madannai. Asiya ba ta yarda da shi ba, don ba ta yarda da kowa ranar aiki. Har ta juya sai ya ce, "Hajiya, ni na san ƙazantar nan, na kuma ɗanɗana kuɗata. Ba daga Kano ake yin ta ba. Da ɗan gari akan ci gari. Ki nemi wanda ya san lokacin da wayar ke hannun yarinyar."

Maganar ta tsaya mata a rai har suka isa gidan Ummukulsum. Suna zama wayar ta nuna batir ya kusa mutuwa.

"Bari a kai wa Maikuɗi," in ji uwar. "Shi ke mana caji a bakin kasuwa. Litinin da Alhamis nake kaiwa, ta wuni a can, Lailatu ta karɓo."

Asiya ta sake duba ranakun saƙonnin. Anti Kamila mai surutu kamar aku, amma ba ta taɓa turo ko sallama ba a wunin Litinin ko Alhamis. Sai wayar ta dawo gida bakin Antin ke buɗewa. Mutumin Kano ina ya san ranar cajin Kutama?

"Ya san lambar buɗe wayarki?"

"Ni na ba shi. Shi ke zuba min karatu da wa'azi."

Shagon Maikuɗi ɗan ƙarami ne, janareta na ruri a baya, wayoyi jere a kan tebur. Kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba, mai ita kuma ya tafi da kati mai irin lambar. Haka ake yi don kada a yi musaya. Maikuɗi ya tarbe su da fara'a, ya jero gaisuwa har da tambayar mutanen Gwarzo.

"Ka san Lailatu 'yar Ummukulsum?"

"Wace ce haka? Yaran suna da yawa, Hajiya."

"Kana buɗe wayar mutane?"

"Haram. Ni caji kawai na sani."

Ƙarya biyu a numfashi ɗaya. Asiya ba ta yi musu da shi ba. Ta ciro wayar Ummukulsum, ta rubuta wa Anti Kamila, "Zan zo," ta tura.

Can ƙarshen tebur wata waya ta yi haske. Ita kaɗai ce ba a manna wa takarda ba, don mutum ba ya yi wa kayansa alama. Hannun Maikuɗi ya zabura wajenta kafin ya tuna. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as. Muhsin ya damƙe hannun.

"Ta wani ce ya manta," in ji Maikuɗi.

"To sa yatsanka mu gani."

Yatsan ya buɗe ta. Ga hoton Lailatu, ga sunayen wasu yara na Kara da Getso, duk 'ya'yan masu kawo masa caji.

"Ni ne. Sharrin shaiɗan ne, Hajiya, ki rufa min asiri."

"Shaiɗan ba shi da shagon caji. Ka yi wa alƙali bayani. In ka fito, ga Mijinyawa can ya koya maka sa hannu duk mako."

Aka sa masa ankwa. Mutane suka yi cirko-cirko riƙe da katinansu, kowa na lissafin abin da ya taɓa bari a wayarsa.

Da Asiya ta koma gidan, Lailatu na zaune a tabarma gaban kwanon tuwon da ba ta taɓa ba.

"Anti Kamila za ta nuna hoton?" ta tambaya a hankali.

"Babu wata Anti Kamila, 'yata. Hoton yana hannuna, ba mai ganinsa a Kutama."

Yarinyar ta daɗe tana kallonta. Sannan ta jawo kwanon, ta yi bisimilla.