Jijiyar da Ta Rage wa Malam Sallau

Ƙarfe bakwai na safe rumfunan ɗibar jini na tashar Unguwar Maɗinka suka kunna kansu. Guda arba'in ne a jere, kowacce da kujera da wani kwaroron roba inda mutum ke zura hannunsa har damtse. Da hannu ya shiga sai wani jan haske ya bi fata yana leƙen abin da ke ƙarƙashinta, maɗauri ya matse, siririyar allura ta sauko ta shiga ta fita. Daƙiƙa arba'in an gama. A takarda sunan na'urar Maɗebiya, amma mutanen Birnin Marke Sauro suke ce mata, don ba ka jin zuwanta sai bayan ta tafi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da hukumar lafiyar birnin ta kafa doka cewa duk baligi ya ba da kwalba biyu ta jini kowane mako. Babbar kwamfutar hukumar ce ke karanta jinin, ta hango ciwon suga da na ƙoda da na daji tun mai shi bai ji komai a jikinsa ba. Wanda ya tsallake mako, katinsa ba zai buɗe masa ƙofar jirgin ƙasa ba. An yabi shirin, kuma ba a yi ƙarya ba, don an rage binne matasa ƙwarai.

Hajiya Tabawa ce kaɗai ɗan Adam a tashar. Shekarunta hamsin da tara, ashirin daga ciki ta yi su tana ɗibar jini da hannunta kafin zuwan Sauro. Yanzu aikinta ta zauna gaban allo arba'in tana kallon koren haske. Bayanta ciwo, idonta yaji, kuma ta gaji da rubuta rahoton da ba a amsawa. Sau uku tana sanar da hukuma cewa jijiyar da ake soka duk mako takan yi tabo, ta taurare kamar igiya, daga baya ta toshe. Sau uku ana turo mata saƙon godiya.

Jijiyar jini iri biyu ce, kuma wannan shi ne darasin farko da aka koya mata tana budurwa. Akwai mai mayar da jini zuwa zuciya, tana kwance kusa da fata, jininta duhu-duhu, yana tafiya a hankali. Ita ake ɗiba. Akwai kuma mai harbawa, wadda ke fito da jini daga zuciya da ƙarfi. Ita tana can ciki, kuma a lanƙwasar hannu tana maƙwabtaka da jijiyar ji, wadda ke kai wa yatsu motsi da jin taɓi. A watan da ya wuce aka sabunta wa Sauro umarni: in ba ta samu jijiya a sama ba, ta ƙara nutsawa.

Wajen ƙarfe tara Malam Sallau ya iso. Dattijo ne mai shekara sittin da huɗu, yana cikin 'yan ƙalilan da suka rage masu aikin babbar riga da hannu, a birnin da inji ke zana wuyan riga cikin kwatan awa. Bai taɓa wucewa bai tsaya sun gaisa ba. Ya tambaye ta gajiya da iyali, ya ce mata yau hannun dama zai bayar, don makon jiya Sauro ta yi ta lalube a hagu ba ta samu komai ba. Tabawa ta san yana shan maganin tsinka jini tun da kwamfutar ta gano masa matsalar zuciya shekara uku baya. Ta ce ya shiga rumfa ta shida, wadda ke kusa da teburinta.

Ta allo ta fara gani. Kwalbar ta cika da saurin da bai kamata ba, jinin ja jawur, yana shiga yana tsayawa kamar ana buga shi. Malam Sallau ya zabura a kujera. Na'urar kuwa ta ɗora auduga, ta manna filasta, ta kunna koren haske, ta yi masa godiya da muryarta mai taushi.

Kafin ya miƙe ta iso. Ta ɓare filastar, ta danna wurin da babban yatsanta, ta ɗaga hannun sama. Ya ce mata wani abu ya ja shi kamar lantarki, daga gwiwar hannu har yatsu. Minti goma sha biyar ta yi tana danne, rumfar na ta ƙara tana neman mutum na gaba, masu layi suna tsaki suna duba agogo. Da jinin ya tsaya ta ɗaure wurin tamau.

"Malam, daga nan asibitin da ke saman benen nan za ka hau. Ba jijiyar da ake ɗiba ta soka ba."

"Hajiya, akwai rigar da za a karɓa kafin Juma'a. Wuya kaɗai ya rage. Ina gamawa zan je, in Allah ya yarda."

Ta san kamata ya yi ta riƙe shi ta kai shi da kanta. Amma in ta bar teburin tashar za ta kulle, mutum dubu biyu su rasa jirgin zuwa aiki, ita kuma a kira ta gaban kwamiti. Ta dubi layin, ta dube shi. Ta ce ya yi mata alkawarin in ya ga kumburi ko yatsu sun yi sanyi ba zai jira ba. Ya yi alkawarin, ya tafi.

Bayan la'asar matarsa, Gambo, ta shigo da shi tana tallafe. Hannun ya kumbura daga gwiwa zuwa tsintsiya, fatar ta miƙe tana ƙyalli, yatsun sun yi fari, sanyi ƙalau. Gambo ta ce tun azahar allurar ɗinki ke faɗuwa daga hannunsa, yana ɗauka yana cewa gajiya ce. Nan take Tabawa ta miƙe. Ta danna maɓallin kulle tashar, ta ja su zuwa lif, suka hau hawa na talatin inda asibitin unguwar yake.

Dakta Lantana, likitar da ke bakin aiki, ta duba sau ɗaya ta gane. Ta yi wa Gambo bayani cewa hudar ba ta rufe ba, jini na tsiyaya a ciki yana taruwa cikin tsoka, kuma tsokar ba ta da inda za ta faɗaɗa, don haka take matse jijiyar ji. Sai an tsaga hannun an sauke matsin, yanzu-yanzu. Sai dai injin tiyata ba ya farawa sai ya ga an sa wa majiyyaci layin ƙarin ruwa, wanda ta nan maganin barci zai bi.

Aka jawo Sauron asibiti. Ta haska hannun hagu daga kafaɗa zuwa yatsu, ta kunna jan haske, alamar ba ta samu jijiya ba. Ta sake haskawa, ja. Ma'aikatan jinya biyu da ke wurin suka tsaya cirko-cirko. Babu wadda ta taɓa soka allura da hannunta a cikinsu, ba a koya musu ba. Likitan da ya iya sa layi ta wuya yana wancan ƙarshen birni, a tsakiyar wata tiyatar.

Tabawa ta ce a kawo mata allurar hannu. Aka yi minti ashirin ana bincike a sito kafin a samo kwali ɗaya. Ta ɗaure masa damtse, ta rufe ido, ta bi hannun da yatsu biyu. Duk inda ta taɓa igiya ce, tauri, babu wannan laushin da jijiya mai rai ke yi in an danna ta. Ta juya bayan hannu, nan ma Sauro ta riga ta cinye. Malam Sallau yana ta salati a hankali, gumi na bin goshinsa.

Sai ta sa aka zaunar da shi, aka sauke ƙafafunsa cikin ruwan ɗumi. Ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara, ta shiga laluben idon sawunsa. Ta ciki, sama kaɗan da ƙashin, ta ji ta: jijiya cikakkiya mai laushi, wadda allura ba ta taɓa gani ba. Ta kuskure ta farko. A ta biyu jini mai duhu ya leƙo a gindin allurar, aka haɗa ruwa, injin tiyata ya kunna fitilarsa. Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Awa ɗaya da rabi ta wuce.

An ceci hannun. Amma babban yatsa da manuniya da na tsakiya ba su dawo ba. Da Tabawa ta je duba shi bayan kwana shida, ta tarar da Gambo ta kawo masa allura da zare a kan matsawarsa. Ya ɗora allurar tsakanin yatsun, ya zuba mata ido, ta zame ta faɗa kan zanin gado, bai ji tafiyarta ba. Tabawa ta roƙe shi gafara a kan barinsa da ta yi ya tafi gida. Ya ce ita ta ce ya hau asibiti, shi ya ƙi. Sannan ya nuna mata wayarsa da hannun hagu.

"Sakamakon ranar ya fito, Hajiya. Sun ce jinina lafiya lau."

A makon ne Injiniya Nomau ya zo tashar. Yana cikin waɗanda suka ƙera Sauro, mutum ne mai ladabi, idonsa ya faɗa don rashin hutu. Ya zauna ya saurare ta har ta gama. Ya ce irin wannan kuskure sau ɗaya yake faruwa cikin ɗiba dubu ashirin. Ta ce birnin na da baligi miliyan uku, ya raba ya gani, mutum ɗari da hamsin ke nan duk mako. Ya ce ya sani, kuma ya san adadin waɗanda shirin ke cetowa. Ta ce to a mayar da ɗibar sau ɗaya a wata uku, jijiya ta samu ta warke. Ya girgiza kai, ya ce kwamfutar ba ta hango cuta da kyau sai da jinin kowane mako, kuma burin hukuma nan da shekara biyar kada kowa ya sake mutuwa da ciwon da ba a gani ba tun da wuri.

"Mama, ki taimake ni da abu ɗaya," in ji shi. "Na'urarmu ta ce babu jijiya, ke kin samo. Yaya kika yi?"

Ta ɗauka za a koya wa ma'aikatan jinya ne. Ta yi kwana biyu tana rubuta masa komai: ruwan ɗumi, sauke ƙafa, inda za a ɗora yatsa, kwanciyar allura. Har zane ta yi masa na idon sawu. A ƙasa ta ja layi biyu ƙarƙashin gargaɗinta, cewa jijiyar ƙafa ta ranar ceto ce kawai, domin takan daskare da gudan jini, kuma miki a ƙafar mai ciwon suga ba ya warkewa da wuri.

Bayan mako biyar, wata safiyar Litinin, ta iso aiki ta tarar an sauya rumfunan. Kujerun sun ƙara tsawo. A gindin kowacce an yi wani kwaroro sabo, yana fitar da tururin ɗumi, kuma an manna rubutu a samansa: A cire takalmi. A allonta akwai saƙon hukuma, ana yaba mata bisa gudummawar da ta ba wa ci gaban shirin.

Ta daɗe tsaye da jakarta a kafaɗa. Ƙarfe bakwai ta buga, ƙofa ta buɗe. Na farko a layi wani magini ne, hannayensa biyu duk tabo. Ya karanta rubutun, ya waiwayo ya dube ta kamar mai neman izini. Na bayansa ya ce ya yi sauri, jirgi na tafe. Ya zauna, ya sunkuya, ya fara kwance igiyar takalminsa.