Wayar Tambayoyin Malam Kai-Tsaye

Sufeto bai gama rataye hularsa ba Sajan ya shigo da rahoto: an shiga ɗakin wa'azin Malam Kai-Tsaye an yi sata. Abin da aka ɗauka kuwa waya ce guda ɗaya tak. Sufeto ya ja tsaki, har ya buɗe baki zai ce a tura kofur, sai tasa wayar ta yi ƙara. Autarsu ce.

Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce ta ga ana yaɗawa wai wayar tambayoyi aka sace.

"Yaya, akwai muryata a ciki. Abin da na faɗa wa Malam ko Inna ban faɗa wa ba. Na roƙe shi kada ya kunna. In mijina ya ji, aurena ya ƙare."

Bai tambaye ta mene ne ba. Ya mayar da hularsa, ya ce Sajan ya tayar da mota.

Duk mai riƙe waya ya san Malam Kai-Tsaye. Da can tela ne mai ɗan karatu, yana ɗinki yana yi wa masu kawo kaya nasiha ko sun so ko ba su so ba. Ranar da wani ya ɗauke shi bidiyo ya watsa, ranar ya rufe keken ɗinki. Yanzu kullum bayan la'asar yana kan intanet. Yau ya yi wa wani malami raddi, gobe a yi masa, jibi ya rantse ya daina, gata ya ɗora daga inda ya tsaya. Amma abin da ya tara masa jama'a shi ne wayar tambayoyi. Mata su turo saƙon murya, su amayar da abin da ke cin ransu a gidan aure, shi kuma ya zaɓa ya kunna duniya ta ji, ba suna, sannan ya ba da fatawa. Wasu na cewa taimako ne, wasu na cewa tonon silili ne kawai.

Sun same shi a tsakiyar ɗakin, waya a sama, yana nuna wa mabiyansa ɓarnar da aka yi masa. Sai da Sufeto ya sha toka sannan ya kashe. Ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba: mahassada ne, yaran malamin da suke raddi da shi ne, kuma bai taɓa kwafe saƙonnin a ko'ina ba, don bai yarda da kowa ba.

Sufeto ya bar shi yana zuba, ya shiga zagaye ɗakin. Ba a fasa ƙofa ba. Ga kyamara a kan ƙafafunta, ga kwamfuta, ga fitilu, ba wanda ya taɓa su. Ƙasa kuwa kaca-kaca da wayoyin caji, huluna, kofuna da kwalaben turare. Aljihun teburin da ake ɓoye wayar a buɗe yake, amma littattafan da ake danne ta da su an jere su tsaf a kan kujera. Can saman kabad ya hango Alƙur'ani naɗe da farin ƙyalle, an ɗaure bakin a gefe.

"Nan ka bar shi jiya?"

"A kan tebur na bar shi, a buɗe ma."

"Su wa ke da makulli?"

Malam ya ce shi, sai mai kyamararsa, sai Alaramma, dattijon da ke zama gefensa yana karanto ayoyi shi yana fassarawa.

Mai kyamara aka fara kira. Ya rantse da an tashi gida ya wuce, zazzaɓi ya kwantar da shi. Yana cikin rantsuwar wayarsa ta kama ruri a kan tebur, sunan abokin hamayyar Malam ɓaro-ɓaro a jikinta. Ido ya raina fata. Ashe gogan naka shi ke ɗaukar raddin nan, shi ke ɗaukar na can, kuma jiya a can ya kwana yana haɗa wanda za a jefi Malam da shi. Sajan ya buga waya can ya tabbatar.

Tsoro ya kwance masa baki, ya shiga faɗin abin da ba a tambaye shi ba. Ya ce yawancin matan da roƙo suke farawa, kada a kunna, Malam ya sa shi ya yanke wurin. Jiya ma wata aka kunna, aka tsaya daidai inda za ta faɗi abin da ta aikata, Malam ya ce sauran sai yau, don a dawo.

Sufeto ya tuna roƙon Auta. Ashe ko ya gano wayar, hannun da zai mayar wa ita ma ba abin yarda ba ne. Ya kasa zaune ya kasa tsaye. Kiran Auta na ta shigowa, bai ɗaga ba.

A mota suka kalli shirin jiya. Sufeto ya tsaya yana sauraron muryar matar, sai da ya tabbata ba ta Auta ba ce. Ya mayar da shirin baya, wannan karon ya bar kallon Malam ya zuba wa na gefensa ido. Da matar ta fara magana Alaramma ya ɗago kai, carbin hannunsa ya tsaya. Da aka ce ya ja aya ta gaba, ya fara, ya sarƙe, ya sake farawa, har sai da Malam ya ɗora shi.

Sajan, wanda matarsa ba ta wuce shirin, ya ce shi dai bai taɓa ganin dattijon nan ya yi tuntuɓe a karatu ba.

Sun iske Alaramma a ƙofar gidansa, zaune kan tabarma yana ɗinke bangon wani tsohon littafi. Ya karɓe su da fara'a, ya sa aka kawo ruwa. Ya ce shi tun kafin a rufe ɗaki ya tafi, makullinsa ma ya daɗe da ɓata. Sufeto bai kalle shi ba. Taga yake kallo, inda aka ɗora wani Alƙur'ani naɗe da farin ƙyalle, ɗaurin a gefe.

"Baba, na ga ɓarayi iri-iri a aikin nan. Ban taɓa ganin wanda ya watsar da ɗaki, ya kasa barin littafi ɗaya ya taɓa ƙasa ba."

Allurar ta tsaya a hannun dattijon.

"Muryar wa aka kunna jiya?"

Dattijon ya ajiye littafin. Sannan ya leƙa cikin gida, ya rage murya.

"'Yata ce. Ina zaune a gefensa, ina riƙe masa littafi. Mijinta bai gane ba tukun, amma abin da ya rage a saƙon, in an kunna, ko kurma zai gane."

Ya ce bayan an tashi ya roƙi Malam ya bar saƙon nan, bai faɗa masa dalili ba. Malam ya yi dariya, ya ce jama'a na jira. Shi ya sa da gari ya waye ya koma da makullinsa. Ya zubar da kaya don a ce ɓarawon waje ne, amma da ya kai kan littattafai hannunsa ya ƙi.

"Ina wayar?"

Ya ɗaga gefen tabarma ya jawo ƙullin leda. Guduma ta yi aikinta, ba abin da ya rage sai ɓaraguzai, har ɗan katin ciki an farfasa shi.

Sufeto ya ji wani sanyi ya ratsa shi, kunya ta biyo baya. Mutumin da ya rufa wa ƙanwarsa asiri, shi zai tasa a gaba zuwa caji ofis. Ya tura wa Auta saƙo cewa ta kwantar da hankalinta, wayar ta mutu.

Kafin su miƙe Malam ya iso, wani ya kai masa labari, wayarsa a sama yana sanar da mabiya cewa ashe da ɗan gida aka ci shi. Yara da manya suka fara taruwa. Alaramma ya gyara hularsa, ya matso kusa da Sufeto.

"Ɗana, alfarma ɗaya. Kada a ce saboda 'yata ne. A ce kwaɗayi ne ya kai ni."

"Baba, da sunan ɓarawo za ka ƙarasa rayuwarka."

"Na ji. Ita tana da yara."

Sajan ya fito da ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Shi da kansa ya buɗe ƙofar mota, ya tare kyamarar Malam da bayansa har dattijon ya shiga. Suna kan hanya Sajan ya dubi Sufeto, ya tambayi abin da zai rubuta a wurin dalili.

Sufeto ya kalli dattijon ta madubi. Idonsa a rufe, leɓensa na motsi.

"Rubuta kwaɗayi," ya ce.