Masuncin Bayan Zana

"Shin masuncin nan ya koma gida kuwa?"

A wani gari can da daɗewa, wata amarya ta ji surukinta yana yi wa jikarsa wannan tambaya ta bayan zana. Tun rasuwar matarsa tsohon ya daina cin abinci. Amarya kuwa, don kunya, ko ido ba ta haɗawa da shi. Kullum da la'asar takan karanta wa yarinyar labarin masuncin da ruwa ya tafi da kwalekwalensa. Ashe tsoho yana saurare.

"Kaka, ba kai ka ce littafin ƙarya ne ba?"

"Ƙaryar nake tambaya, ja'ira! Miƙo min kunun nan."

Washegari amarya ta matso da tabarmarta jikin zana. Tana karatu, tsoho na shan kunu. Kullum tana karatu, tsoho na shan kunu.

Ran nan ta kai shafin ƙarshe, masunci ya hango gida. Sai ta ji ludayi ya tsaya. Ta kafa ido a takarda, ta ce, "Sai iska ta taso, ta kai shi wani tsibiri mai farin yashi."

Ludayi ya ci gaba da motsi. Ta ƙudurta ba za ta faɗa wa kowa cewa littafin ya riga ya ƙare ba, ko mijinta.