Tagogin Gidan Ergash

Shekara uku Ergash ya yi yana safa da marwa a ofishin masu kula da tsofaffin gine-ginen Tashkent, kafin su yarje masa ya sauya tagoginsa. Benen nasu na zamanin Sobiyet ne, doka ta hana a taɓa fuskarsa, ga matarsa Tursunoy tana fama da tari duk hunturu. Da izini ya fito, aka ciccire tsofaffin katakai, aka kafa gilashi mai riɓi biyu wanda ko numfashi ba ya ratsa shi.

Ran nan da magariba suna shan shayi, gida ya yi tsit, sai tsakuwa ta daki gilashin falo. Daga ciki. Ta biyu ta faɗa a kofin Tursunoy. Su kuwa a hawa na bakwai suke.

'Yarsu Munisa, malamar asibiti, ta miƙe ta manna goshi a taga, ta shiga kartar gilashi har faratanta suka yi jini. Kwana uku ba ta ci ba, ba ta tanka wa kowa ba.

Rana ta huɗu bayan la'asar aka ɗauko Malam Hikmatilla, dattijon da ke karantarwa a tsohon gari. Ya daɗe yana karatu a kanta kafin ta waiwayo. Muryar da ta fito ta tsoho ce, tana rawa don fushi.

"Wa ya toshe mini hanya? Shekara hamsin ina shiga ina fita ta tsagar katakon nan, ban taɓa fasa muku ko kofi ba. Iyalina a cikinsa suke. Kun fitar da su, ni kun kulle ni!"

Ergash ya zabura. "Kai ne iskar da ta cinye ƙirjin matata! Gidan ubanka ne?"

"Rufe bakinka!" in ji malam. Ya dubi yarinyar. "Me kake so?"

"A fasa gilashin. In ba haka ba na zauna a jikinta."

"Ba za a fasa ba. Za a buɗe maka ka bi naka, ka rantse ba kai ba ita."

"Ina katakon?"

Ergash ya ce, "Yana ƙasa, bayan bene."

"Kai malam, ka tsaya masa?" in ji muryar.

"Na tsaya."

Aljanin ya rantse. Tursunoy ta buɗe taga. Labule ya tashi ya yi waje, Munisa ta sulale ƙasa tana kiran uwarta da muryarta ta ainihi.

A bakin ƙofa malam na sa takalmi ya ce, "Gobe ka kai katakon bayan gari, kada kowa ya taɓa."

Ergash ya sunkuyar da kai. "Malam, na faskara shi. Da shi aka dafa wa maƙwabta shinkafar walimar sababbin tagogi."

Dattijon ya ɗago a hankali.

"Ka ƙona masa iyali, ka kuma sa ni shaidar zur? Yanzu haka yana ƙasa yana tonon toka. Kwashe 'yarka ku bar nan, kada isha ta same ku. Ni kuma kada ka sake zuwa ƙofata."

Ko bargo ba su tsaya ɗauka ba. Ɗan'uwan Ergash da ya je kwaso musu kaya bayan mako guda ya tarar kowane gilashi ya tsage daga waje, an shafe shi da toka.