Koren Zare a Hannun Ɗan Fari

Sansana ta sunkuyar da dogon wuyanta na roba zuwa bakin yaron, ta zuƙi numfashinsa, fitilar goshinta ta yi ƙifta-ƙifta. Na'ura ce, ba ta da hanci, amma mutanen Birnin Gulbi sun yarda ta fi kare jin ƙamshi, shi ya sa suka yi watsi da dogon sunan da masana suka raɗa mata, suka kira ta da aikinta. A ƙofar sashen gaggawa na yara take tsaye. Duk yaron da aka kawo sai ta ɗaura masa zare a wuyan hannu: ja a ruga da shi ciki, ruwan ɗorawa a duba shi ba da jimawa ba, kore ya zauna a benci ya jira layi.

Wannan yaron, ɗan shekara huɗu, kore ta ɗaura masa.

A ɗakin bincike da ke bene, Dakta Asabe Maigari tana kallon allo tana tauna aya. Ita ta ƙera Sansana, kuma takan yi maganarta kamar mai yabon 'yarta a gaban dangin miji. Abu uku na'urar ke aunawa. Na farko numfashi, domin kowace guba tana barin sawu a iskar da ke fita daga huhu, kuma Sansana ta haddace sawun dubban gubobi, daga kalanzir har maganin ɓera. Na biyu jiki: zafi, bugun zuciya, ƙwayar ido. Na uku shi ne abin alfaharin Asabe, wato muryar uwa. Ta san mutanenta sarai. Bahaushe ko yana bakin kabari ka tambaye shi jiki, "da sauƙi" zai ce maka. Saboda haka ta koya wa na'urar ta ƙyale kalmomi, ta saurari rawar da ke ƙarƙashinsu. In numfashi bai faɗi komai ba, jiki bai nuna komai ba, muryar uwa ce ke yanke hukunci.

Abin da ya sa ta daina tauna ayar shi ne wani ɗan tudu a zanen numfashin yaron. Sansana ta rubuta a gefensa: ba a san shi ba. Asabe ta ƙara girmansa. Kafaɗarsa ta hagu ta yi kama da ta gubar metanol, ta dama kuwa ba ta taɓa ganin irinta ba. Ita fa mace ce da abin da ba ta sani ba ke hana ta zama, kamar tsakuwa a takalmi. Ruwa ba ya tsami banza, in ji ta a ranta. Ta dawo da hoton ƙofa baya don ta ji abin da aka faɗa.

Mata biyu ne suka kawo yaron, tsohuwa tana riƙe da shi, wata matashiya na biye a baya.

"Ke ce mahaifiyarsa?" Sansana ta tambayi matashiyar.

Matashiyar ta kau da kai. Tsohuwar ta yi dariya. "Ba za ta amsa miki ba, ɗan fari ne, kuma sunan surukinta ya ci. Shu'aibu sunansa. Ni kakarsa ce, mijina ne wannan. Zoɓo ya ɗirka tun safe, ya yi ta tangaɗi, ya yi barci, ya tashi yana amai."

"Ke mahaifiya, yaya kike ganin jikinsa?"

"Ƙiriniyarsa ce kawai," matashiyar ta ce. Muryarta a shimfiɗe take kamar tabarma, babu ko lanƙwasa. Sansana ta auna ta, ta same ta lafiya lau, ta miƙo koren zare.

Nan take Asabe ta gano kuskurenta. Duk muryoyin da ta koyar da na'urar da su, a ɗaki ta ɗauke su, uwa ita kaɗai, ƙofa a rufe. Ba ta taɓa ɗaukar muryar uwar ɗan fari a gaban surukarta ba. Kuma wai ita ce za ta manta da wannan, ita da take 'yar fari, wadda mahaifiyarta ta rasu ba ta taɓa kiran sunanta ba sai "waccan". Ta duba lokacin da aka ɗaura zaren, ta ga tun hantsi ne, yanzu kuwa ana shirin kiran azahar. Ba ta jira lifta ba, ta bi matakala.

Ta same su a benci na ƙarshe. Yaron na kan cinyar kakarsa yana murza ido, uwar ta zauna nesa da su tana kallon bango.

"Sannunku, Inna. Don Allah ki ara mini ƙanwata, za ta taya ni wani abu."

"Ɗauke ta, likita. Ni da mijina muna nan."

A lungun baranda Asabe ta tsaya. "Yaya sunanki?"

"Hansatu."

"Hansatu, babu kowa a nan. Wane irin zoɓo ne?"

Hansatu ta murɗa bakin mayafinta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma akwai abin da in aka haɗiye yake kisa.

"Likita, ni ban dafa zoɓo ba," ta ce ƙasa-ƙasa. "Jiya Inna ta sayo ruwan bango. Mai awo ya zuba mata a gorar zoɓo. Na ga gorar da safe ta yi rabi. To ya zan ce a gaban mutane ita ta ajiye? Kuma ɗazu yaron nan ya ce min wai an watsa masa auduga a ido."

Kowa a Birnin Gulbi ya san ruwan bango. Tun da zafi ya fi ƙarfin fanka, gidaje suka koma bango mai jijiyoyi, ana ɗura masa wani ruwa yana zagayawa yana tsotse zafin ɗaki. A da shuɗi ne mai ɗaci. A bana wani kamfani ya fito da sabo, ja, mai araha, mai zaƙi-zaƙi, kuma babu wanda ya aiko wa Asabe da ko cokali ɗaya ta shinshina wa na'urarta. Irin wannan guba munafuka ce. Ita kanta ba ta cika ɓarna ba, maye kawai take sawa, yaro ya yi barci ya tashi kamar ya warke. Hanta ce ke ɗaukarta a hankali tana juya ta zuwa wani tsami, tsamin nan kuma jijiyar gani yake fara ci. Akwai allurar da ke riƙe hannun hanta ta hana ta wannan aiki, amma ba ta dawo da abin da aka riga aka ci.

Asabe ta koma da gudu, ta sunkuci yaron daga cinyar kakarsa, ta tsinke koren zaren da haƙori. Aka yi masa allura, aka haɗa shi da injin wankin jini. Kafin la'asar Asabe ta koya wa Sansana sabon sawun, ta aika wa duk asibitocin birnin. Tsohuwar, da ta fahimci abin da ke cikin gorar, ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Hansatu ce ta durƙusa tana ba ta haƙuri, tana cewa ƙaddara ce.

Shu'aibu ya rayu. Bayan 'yan kwanaki aka auna idonsa: na dama yana gani, na hagu ya tafi. Likitan ido ya ce da an shigar da shi ciki tun hantsi, wataƙila da an ceto duka biyun.

Asabe ta ce ita za ta faɗa wa uwar. Duk ɗakunan sashen a cike suke, sai ta ja Hansatu zuwa ɗakin ajiya, inda aka jera sababbin Sansanoni da za a rarraba wa garuruwa, ɗaya a kunne ana gwada ta. Shugabannin asibiti suna ta murna da wannan shiri, ita ma har kwanan nan tana yi. Ta tura ƙofa ta rufe, ta faɗi maganar yadda take, ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ƙara da cewa na'urarta ce ta ajiye shi a benci.

Hansatu ta dubi ƙofar, ta tabbata a rufe take. Sai ta jingina da bango ta sulale ƙasa.

"Ɗana," ta ce. "Wayyo ɗana. Tun a hanya na san ba lafiya ba. Na so in ƙwace shi in ruga, ƙafata ta ƙi."

Na'urar da ke kunne ta juyo da wuyanta. Fitilar goshinta ta rine ja, ƙararrawa ta ɗauki kuka, jan zare ya zubo daga bakinta yana lilo.

"Gaggawa," in ji Sansana. "Ina yaron? A shigo da shi yanzu."

Asabe ta tsaya tana kallonta. Na'urar ta ji daidai, ta auna daidai, babu kuskure ko ɗaya a lissafinta. Tausayi ya kama ta, na uwar, da na abin da ta ƙera, da na matan da za su tsaya gaban waɗannan na'urori a garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba, kowacce da surukarta a gefe. Ta miƙa hannu ta zare wayar daga bango, sannan ta zauna a ƙasa kusa da Hansatu.