'Yar Zaman Ɗakin Lailatu

"Sammani, in ka gaji da ganinta, ga hanya nan!"

Ni na faɗa, amma ni na fara karaya. Saura kwana shida ɗaurin aurenmu, kullum ya zo zance Ƙofar Kwaya a kan Vesparsa ta kuɗin ƙarin albashin Udoji sai ya tarar da Baraka a cinyata.

Shekararta biyar. Uwarta ta rasu da damina, ubanta ya bi aikin sauke siminti Ikko, ko wasiƙa babu. Ni ce ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da aka miƙa wa takardarta, sai yarinya ta shige raina. Bayan bikina za a kai ta gidan marayu a Kaduna, don ofis ba ya ba da riƙo sai miji ya sa hannu. Ni kuwa da wane baki zan roƙi ango ya fara da 'yar wani?

"Lailatu, ni mi na ce? Abar ƙaunata, kuka kuma?"

"Tafiya za a yi da ita... ba ta da kowa!"

Ya daɗe yana kallonta, ya tayar da babur ya tafi. Na ce shi ke nan, na kori miji da bakina.

Washegari sai ga gwaggonsa Delu wajen Innata.

"Hajiya, ango ne da roƙo. Wai 'yar zaman ɗakin amarya, Baraka yake so."

Inna ta riƙe haɓa. "Yau ga ikon Allah! Yaushe ango ya hwara zaɓen 'yar zaman ɗaki? Ni da na riga na ware Furera, ɗiyar ƙanena?"

"Furera na da inda za ta koma, Hajiya."

Nan take Inna ta ce a ɗinka wa yarinyar atamfa irin tawa.

Bayan biki mun kwana bakwai a gidanmu na Ƙofar Marusa, Sammani ya sa hannu a takardar riƙon tuni, amma Baraka ta ƙi kwance ƙunshin kayanta. Ta san 'yar zaman ɗaki mayar da ita ake yi.

Da hantsi ta tare shi a zaure. "Malam, yaushe za a maida ni?"

Ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa.

"Ki ce Baba. Sai ranar da na kai ki ɗakin naki mijin, ɗiyata."

Ta juyo a guje ta miƙo mini ƙunshin. "Kwance mani!"