Jiƙaƙƙen Yashi Ba Ya Kuka

Ƙasar Katar shimfiɗe take kamar faifai. Wanda aka haifa a gindin dutsen Kwatarkwashi, irin Gado, idonsa ba ya sabawa da haka. Shekara biyu yana gadin ƙofar wasu gidaje a Al Wukair, ya ɗaga ƙarfe mota ta shiga, ya ɗaga mota ta fita. Ba mai kiran sunansa. Masu gidajen su ce masa "sadik", wai aboki, alhali ko inda yake kwana ba su sani ba.

Abokin ɗakinsa Abdul-Samed, mutumin zangon Kumasi, direba ne mai kai baƙi cikin sahara. Shi ya ba shi labarin tudun yashin nan da ya yi suna a bayan gari, wanda in mutum ya zamo daga kansa sai ya yi ruri kamar jirgin sama.

Gado ya ce, "Keke na hawansa?"

"Keke? Haba masta, ƙafa ma nutsewa take. Sai dai in an yi ruwa, yashin ya yi tauri. Amma fa jiƙaƙƙe ba ya kuka. Me za ka je yi?"

"Ni ba kukan nake so ba. In hau sama in hangi ƙasa, ko sau ɗaya."

"Halas, shi ke nan, ka jira ruwa a ƙasar da ba a ruwa," in ji Abdul-Samed, ya juya ya ba bango fuska.

To, ruwan ya zo, wata Juma'a cikin sanyi. Mai hankali in ya ga hadari gida yake nufa. Gado kuwa ya sallame la'asar, ya jawo kekensa mai faffaɗar taya da wani Bature ya bar masa, ya fita bai gaya wa kowa ba. Wa zai gaya wa? Abdul-Samed na wurin aiki.

Kwalta ta ƙare, ya bi sawun motoci. Sawun ma ya ƙare. Ba tsuntsu, ba raƙumi, ba inuwar ɗan Adam. Sai iska mai tura shi baya da ruwa mai sukar fuska kamar tsinke. Da ya isa gindin tudun, rana ta riga ta shige cikin hadari. Lokacin da ake kora kaji akurki, a hana yara tsayuwa bakin ƙofa, shi a lokacin ya ɗora ƙafa a feda.

Yashin ya yi tauri kamar daɓe. Ya bi ƙashin bayan tudun, yana karkata hagu da dama, cinyoyinsa na zafi. Sarƙa na ƙara, numfashinsa na ƙara. Rabon da ya ji daɗi irin wannan tun gida.

Yana tsakiyar hawa keken ya yi nauyi.

Ba nauyin gangare ba. Nauyin nan ne da mai keke ya sani, na mutum in ya ɗare kariya a baya. Tayar baya ta nitsa kaɗan. Gado bai waiwaya ba.

Sai ƙamshi. Hayaƙin kara da daddawa, ƙamshin madafar gidansu bayan magariba. A nan, inda ko ciyawa babu.

Sai tudun ya fara ruri. A hankali, daga ƙasa, ya biyo tayoyi ya hau sirdi ya shiga haƙoransa.

Jiƙaƙƙe ba ya kuka. Haka aka gaya masa.

"Gado."

Dab da kunnensa. Muryar kakarsa Shetu ce, wadda ta rene shi, har da 'yar rawar nan ta rashin haƙoran gaba. Tun yana yaro ta sha gaya masa, kira a daji ba a amsa shi sai an ga mai kiran. Ya sani. Amma shekara biyu ba a kira shi da bakin gida ba. Amsar ta taso masa har maƙogwaro da kanta.

Ya cije leɓe. Ya taka feda.

"Gadona. Ka gaji, ɗan albarka. Su ba su san ka ba. Ƙarasa sama, na shimfiɗa maka tabarma."

Saura taku kamar ashirin. Can bisa akwai wani ɗan haske ja, kamar na murhu. Hawaye suka haɗu da ruwan sama a fuskarsa. Bakinsa ya buɗe.

"Na'a..."

Ya tsaya nan.

Ɗan albarka? Tabarma? Tun da uwarsa ta rasu aka miƙa shi hannun Shetu, ba ta taɓa tambayarsa ko ya gaji ba. Sunansa ma ba ta faɗa. Ragon miji take ce masa. Da ita ce a bayan nan, da ƙeyarsa ta sha rankwashi tun daga gindin tudu.

Ya haɗiye sauran kalmar. Ya yi a'uziyya da ƙarfi, ya murɗa kan keken.

Wani abu mai sanyi ya riƙe gefen rigarsa.

Birki ya jiƙe, bai kama ba. Keken ya zubo. Rurin ya koma kamar ana kiran sunansa da baki ɗari. Rigar ta yage. Nauyin ya faɗi daga baya, keken ya yi tsalle kamar an kwance akuya.

Bai waiwaya ba har ya ga fitilun manyan motoci a kan kwalta.

Abdul-Samed ya tarar da shi zaune bakin katifa. Ya dubi yagaggiyar rigar. Ya dafa masa shayi, ya kunna karatu a waya. Da safe suka ga kariyar keken ta lotsa a tsakiya, daidai mazaunin mutum. Gado ya kwance ta ya jefar.

Ranar Lahadi ya buga gida, aka kai wa tsohuwa Shetu waya. Ya ba ta labari duka, ta saurara ba ta katse shi ba.

Ta ce, "An tura ka neman abinci, ka tafi hawan yashi da magariba. Keken ma a cikin ruwa. Wanda ya haifi wawa bai huta ba. Ka amsa?"

"Rabi, Kaka."

"Rabin ya ishe su. Daga yau kowa ya kira ka, sai ka ga fuskarsa. Kuma ka riƙa bugo waya duk Juma'a, tunda kunnenka yunwa yake ji. Kana ji na, ragon miji?"

Gado ya ƙara manna wayar a kunne.

"Da kai nake, shashasha."

"Na'am, Kaka," ya ce. Wannan karon ya faɗe ta har ƙarshe.